Injin Bulo a Garin Masu Bindiga

Tun da na dawo daga Njamena ban samu na zauna a natse a ƙofar masallacin unguwarmu ba. Kowa ya gan ni sai ya ja ni gefe: “Malam Tanimu, yaya garin yake? Da gaske ne ana harbi har cikin kasuwa?” Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma abin haushi, duk wanda na ba shi sai ya ƙara gishiri kafin ya kai wa na gaba. Jiya wani ya tsayar da ni yana taya ni murnar fitowa daga gidan yari, ni da ko ƙofarsa ban gani ba. To ga shi na zauna na rubuta. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa in wuce.

Ni magini ne, ɗan magini, a Zariya. Abin da ya kai ni Njamena kuwa yayata ce, Yaya Hajo, wadda muke ciki ɗaya. Ta daɗe da aure a can, wurin wani ɗan kasuwar goro da kanwa wanda kakanninsa suka zauna a garin tun zamanin Turawa. Da yaƙi ya shigo gari, harsashi ya sami mijin a hanyar kasuwa, Allah ya yi masa rasuwa. Ita kuma ta kwashi ’ya’yanta ta ƙetare kogi zuwa Kuseri, ɓangaren Kamaru, ta yi takabarta a rumfar zana.

Wani direban motar goro ne ya kawo mini saƙonta da baki. Bam ya faɗa gidansu da ke unguwar Amrigebe, ya rushe katangar gaba da ɗakinta, kuma wani kwamandan masu bindiga ya sa wa gidan ido. A can, gidan da ya zauna a buɗe babu mai shi a ciki, ganima ne. Bulama, wato mai unguwa, ya roƙi kwamandan, shi kuma ya ce ya ji: idan ruwan fari ya sauka ya tarar da matar gida a ɗakinta, da katanga da ƙofa, ya haƙura. In ba haka ba zai zuba iyalinsa a ciki. Wanda kuwa suka shiga gidansa ba ya ƙara ganin cikinsa.

Direban ya ce siminti ko na magani babu a garin. Tubali irin namu na gargajiya kuma yana son lokaci, ka ɗora sahu ka jira ya bushe, ga damina ta doso. Saboda haka na ɗauki injina. Akwatin ƙarfe ne mai murfi da dogon hannu. Ka zuba masa ƙasa mai ɗan laima, ka rufe, ka danne hannun da dukan nauyinka, ka buɗe, bulo ya fito da kusurwoyinsa kamar an yanka da wuƙa. A wurin ginin wani asibitin ƙauye na fara ganin irinsa, na sa mai walda ya ƙera mini nawa, kuma da shi nake ci da iyalina. Idan babu siminti, abin da ke hana bulon tsagewa shi ne zare a cikinsa. Ɓawon rama ake jiƙawa, a buge, a shanya, a yayyanka gajeru kamar gaɓar yatsa, a gauraya da ƙasa tun tana busasshiya. Aikin da ciyawar ramno ke yi a cikin tubalin kakanninmu ke nan, sai dai shi inji ba ya son doguwar ciyawa kuma ba ya son caɓi ko kaɗan. Na ɗaure dammunan rama masu kyau, na lulluɓe injin da tampol, na kama hanya.

Daga Zariya zuwa Maiduguri ban ga komai ba sai ƙeyar mutane. Wahala ta fara ne bayan mun wuce Dikwa, a bayan wata akori-kura da ta ɗauko mu tare da buhunan albasa. A shingen farko wani mai kaki ya ɗaga tampol, ya ga akwatin ƙarfe da dogon bututu, ya ja da baya ya kira ’yan uwansa.

“Wannan fa? Ina za ka kai shi?”

Na ce, “Njamena, ranka ya daɗe.”

Ashe babu amsar da ta fi wannan muni. Mutum ɗauke da ƙarfe mai dogon baki, zai tafi garin da ake yaƙi. Na yi rantsuwa, na yi bayani, na kwatanta da hannu, babu wanda ya saurare ni. Daga ƙarshe babbansu ya ce in dai na bulo ne to ya haifi bulo su gani. Haka na sauke injin ni kaɗai, fasinjoji suna tsaki, na kankaro ƙasar gefen titi, na yayyafa mata ruwan butata, na danna. Bulo ya fito. Babban ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya aje a ƙasa ya zauna a kai. Ya ce in yi wa mataimakinsa ma guda.

Wannan ya zama ƙa’ida. Daga nan har Gamboru, daga Gamboru muka ƙetara Fotokol, daga Fotokol har Kuseri, babu shingen da ban sauke injin nan na yi bulo ba. Wasu murhun shayi suka yi da shi, wasu matashin kai. A ɓangaren Kamaru ma abin ya fi ciwo, don ban san abin da suke cewa da Faransancinsu ba, sai dai in ga an nuna injin an nuna ƙasa. Ramar tawa kuma kowa ya gani sai ya tuna yana da ragon ɗaurewa ko igiyar shanya da ta tsinke. Hannu kawai ake zurawa a zara, ba a ko kallona. Kafin in isa Kuseri kusan rabinta ta tafi, ƙuguna kuma ya riƙe har ba na iya ruku’u sosai.

Na sami Yaya Hajo a cikin rumfunan ’yan gudun hijira da ke bakin kogi. Ta rame har na so in wuce ta. Tana ganina ta aje ludayin hannunta ta ce, “Auta, ka zo?” Ni da furfura a gemu, amma har yau Auta nake a wurinta. Muka yi kuka, muka yi wa mamaci addu’a. Da na ci na sha, na ce mata abin da na ƙullo tun daga gida.

“Yaya, don Allah ki kwashi yaran nan mu koma Zariya. Ɗakin Inna yana nan a rufe. Me za ki yi da gida a garin da ake harbe mutum yana tafiyarsa?”

Ta ce, “In koma in ce wa marayun nan me? Ubansu bai bar musu komai ba sai gidan nan. A ciki aka haife shi, a ciki aka haife su. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu.”

Na san Yaya. Idan ta sa kai, gara ka yi gardama da turmi. Na ci gaba da cin tuwona, raina a ɓace.

Da safe na nemi mai kwalekwale. Na farko ya dubi injin ya ce shi bai shirya zuwa lahira ba. Na biyu ya yarda, da sharaɗin in zauna a tsakiya in rungume shi kada ya karkata. Haka na ƙetare kogin, rungume da ƙarfe kamar mai jego, ruwa yana lasar bakin jirgin. Muna isa gaɓa na ga masu bindigar da ake faɗa, waɗanda ake ce wa kombatan. Samari ne sirara, kowa ya naɗe fuska da rawani sai idanu, ga wuƙa a damtse. Suna yaye tampol na ji ƙarar gyara bindiga ta ko’ina.

Na riga na saba, sai na ɗaga hannu na durƙusa na ɗebi ƙasar wurin na danna. Na buɗe murfi, bulo ya taso, na sa hannu zan ɗauka, ya wargaje. Yashi ne zalla, yashin bakin kogi, ni kuma tsoro ya hana ni dubawa. Na sake, ya sake zubewa. Samarin nan suka matso. Wallahi a lokacin na ji gumi yana bin bayana kamar kiyashi. Ina waige-waige na hango laka can ƙasan gaɓa, na nuna ta, na tafi da rarrafe bakin bindiga yana bin ƙeyata, na ƙwaƙulo, na murje ta da yashin, na yago ’yar rama na cusa. Wannan karon ya fito ya tsaya. Suka fashe da dariya, ɗaya ya dafa kafaɗata yana cewa “Seme, seme,” wato ya yi kyau. Ni ban ga abin dariya ba.

Nan wani dattijo mai farar jallabiya ya ratso su yana gaishe su da Larabcinsu, ya kama hannuna da hannu biyu. Baba Sale ke nan, ƙanen mahaifin marigayi, wanda Yaya ta aika wa ya tarye ni. Bahaushe ne, amma a nan aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce.

“Lale, lale, ɗana! Afe, lafiya dai? Mutanen Zariya afe? Kalas, ka iso gida.”

Muka ɗora injin a amalanken turawa da suke kira pus-pus, muka nufi Amrigebe. Gari ne na gidajen ƙasa masu shafaffen soro, kusan kowace katanga da ramukan harsashi kamar ƙyanda ta ci ta. Na ga gidan Yaya: katangar gaba a ƙasa, ɗaki ba rufi, awaki suna kiwo a tsakar gida. Na naɗe hannun riga zan fara awo, Baba Sale ya riƙe ni.

“Haba ɗana! Baƙo da aiki? Ka so a zage ni a unguwa? Aiki ambakir.”

Ambakir na nufin gobe. Wannan kalma da ’yar uwarta mafi, wato babu, su ne suka kusa kashe ni a garin nan, ba bindiga ba. A Zariya idan magini ya zo, ana gaisawa a nuna masa wurin aiki. A can kuwa baƙo ba ya taɓa komai sai ya huta, kuma su ne ke yanke ranar da ya huta. Aka shimfiɗa mini darduma a zauren Baba Sale. Aka kawo shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi, ja wur, zaƙi kamar zuma, ka shanye a ƙaro, ka shanye a ƙaro. Aka kawo tuwon da suke kira esh da miyar busasshiyar kuɓewa da busasshen nama, maza duka a tire ɗaya, kuma ba ka isa ka ɗaga hannu ba sai an ce “Faddal, faddal” an turo maka wani. Abincin da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma ina ci ina kallon gabas. Daga nan sai zagayen gaisuwa gida-gida, kowane gida da shayinsa. Rana na take tsaka kuma duk garin ya kwanta, har masu harbin ma kan ɗan sarara.

Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, wata safiya ana idar da salla na sulale na tafi kangon. Na haƙa na duba ƙasar. Ba jan birji irin namu ba ne. Baƙar laka ce, in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta dare har ka zura hannu. Ita kaɗai ba ta bulo, sai an karya ta da yashi an ɗaure ta da zare. Na sami masu pus-pus muka riƙa jido yashi daga bakin kogi ta wajen Milezi, muna raɓewa jikin katanga duk lokacin da aka yi ɓarin wuta. Na farfasa tsohuwar katangar da ta faɗi, na daka, na tankaɗe da wayar taga. Na zauna da adda da gungume na yayyanka ragowar ramata kaf, har hannuna ya yi kanta. Na gauraya ƙasa da yashi da rama a bushe, na tara tsibi guda ƙato, na rufe da zana. Abin da ya rage kawai yayyafi da dannawa.

Na ce wa Baba Sale, “Baba, don Allah kada kowa ya taɓa tsibin nan. Gobe zan fara.”

Ya ce, “Mafi mushkila, ɗana.” Yana wani murmushi da ban gane ba a lokacin.

Washegari ya ce lallai sai na raka shi ta’aziyya can wata unguwa mai nisa, wai dangin marigayi ne kuma za su ji haushi in surukinsu ya zo bai leƙa ba. Na bi shi ina ƙunƙuni. Muka sha shayi, muka ci esh, muka ƙara shan shayi. Duk na yunƙura sai ya danne gwiwata. Sai bayan la’asar muka juyo. Tun daga bakin layi na fara jin waƙa da tafi, kuma daga gidan Yaya suke fitowa.

Jama’a, gayya aka yi mini. Mazan unguwa kaf, tsofaffi da matasa, sun naɗe wanduna har cinya, suna cikin tsibina suna tattakawa. Mata sun yi layi da tuluna suna kwarara ruwa. An ƙaro doguwar ciyawar tsohuwar jinka, an ƙaro kashin jaki kwando-kwando, yadda ake yi wa ƙasar tubali don ta tsima. Ƙasar da na tankaɗe kamar garin tuwo ta zama tabkin caɓi, ramata duka tana ciki. Baba Sale ya juyo yana washe baki.

“Ka gani? Mun ce baƙo ya wahala shi kaɗai, kunya ta kama mu. Kalas, mun kwaɓa maka. Kai dai ka zuba a makana, injin nan naka.”

Na buɗe baki, magana ta zo da yawa. Na ce, wa ya aike ku? Na ce ban ce kada a taɓa ba? Na ce kun san daga inda na ɗauko ramar nan, kun san shinge nawa ta tsallake? Na ɗebi caɓin na zuba a injin na danna a gabansu, ya tsarto ta gefe kamar kunu ya ɓata wa wani tsoho gemu. Waƙa ta tsaya. Mutane suka riƙa fita daga cikin laka ɗaya bayan ɗaya suna saɓe takalma. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba mugunta suka yi ba. Da mugunta ce da na san wanda zan shaƙe.

Shanya caɓin ba zai yi ba, don baƙar laka in ta bushe dutse take zama, zaren kuma ya riga ya cukurkuɗe da ciyawa. Ƙasa da yashi zan iya sakewa. Rama ce babu. Na zaga kasuwa, duk wanda na tambaya sai ya juya tafin hannu ya ce mafi. Masu yankan ciyawa ta wajen Ngeli sun daina fita saboda harbi. Na gwada bulo ba zare, kafin ya gama bushewa ya tsattsage kamar kan tsohuwar ƙwarya. Na gwada ƙaiƙayi, bulon ya riƙa ɓarewa a hannu. Ga hadari kullum da yamma yana haɗuwa a gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, ya watse. Duk ya watse sai in ce alhamdu lillahi, ni da na tashi ina roƙon ruwa tun ina yaro.

Baba Sale ya yi fushi da ni, ni ma na yi fushi da shi, muna cin esh a tire ɗaya ba mai kallon wani. Shi ya fara saukowa. Ya ce in zo in ga wani abu, ya kai ni sitonsa na bayan gida ya buɗe. Wayam.

“Ka ga nan, ɗana? Da har rufi yake cika. Goro, gero, kifi, kanwa. Yau mafi. Ba kai kaɗai ke da ciwon rai a garin nan ba. Gidan can na ɗan ɗan’uwana ne. Ka ɗauka ni ina so a cinye shi?”

Kunya ta kama ni. Na nemi wuri na zauna a kan wani tulin tsofaffin buhunan algarara da ke lungu, ina sauraronsa ina jan wani zare da ya fito daga bakin buhu, don dai hannuna ya sami abin yi. Na ja, na naɗe a yatsa, na ja da ƙarfi, bai tsinke ba. Na dube shi da kyau. Na miƙe zumbur.

“Baba, irin buhun nan nawa ne a unguwar nan?”

Ya ce, “Buhu? Ai shi kaɗai ya rage mana. Kowane ɗan kasuwa sitonsa buhu ne ba kaya.”

A garin da komai mafi, ashe buhun wofi ya fi mutane yawa. Na warware ɗaya, na yayyanka, na yi ɗan gwaji. Na farko na cika masa zare, yana fitowa daga inji ya kumbura ya buɗe baki. Na rage, na sake. Na aje a inuwa na yi ta zagaya shi kamar mai jiran haihuwa. Ya bushe ba tsaga ko ɗaya. Na ɗaga shi na sake shi a ƙasa, kusurwa kawai ta ɓalle, ita ma tana rataye da zare.

Baba Sale ya bi gida-gida, kuma mutanen nan da na yi wa tsawa, Allah ya saka musu, ba wanda ya ƙi fitowa. Aka yi ta kawo buhuna, da tsofaffin igiyoyin guga, har da igiyar gado. Na tsaya ina tantancewa: na kanwa da na gishiri na mayar, don gishiri cin katanga yake yi. Mai su ya ji haushi, na ce ya ji. Na busasshen kifi na sa aka wanke, amma warin bai fita ba. Yaya Hajo ta ƙetaro da yaranta ta sauka gidan Baba Sale, ta tara matan unguwa a ƙarƙashin bishiyar bedi suna warwara suna yankawa. In wata ta yanka da tsawo sai in ji muryar Yaya: “Gaɓar yatsa aka ce, ba kamu ba. Kina so Auta ya cinye mu?”

Gayya ta biyu ni na ja ta, kuma doka ɗaya na kafa: babu mai taɓa ruwa sai ni. Na aje randa a bayana na tsare ta. Na nuna musu yadda ake gane laima: ka dunƙula a hannu ta riƙe, tafin hannunka bai jiƙe ba, ka sake ta a ƙasa ta rabu gida-gida. Suka gyaɗa kai, amma zuciyarsu ba ta yarda ba. A wurinsu ƙasar da ba ta ji ruwa ba ba ta ƙoshi ba. Ina juya baya sai in ji tsiyaya. Sau ɗaya na kama Baba Sale kansa tsaye a kan tsibi da buta a karkace.

“Baba!”

“Alwala nake, ɗana.”

“A kan ƙasata? Da hantsi?”

Ya tafi yana ƙunƙuni da Larabci. Amma aiki ya tafi. Matasa suka karɓi hannun injin suna gasa, bulo yana fita ana jerawa a inuwa ana rufewa da tabarmi. Magunan unguwa duk suka tare a wurin saboda warin kifi. Wata rana aka wuni ana musayar wuta ta wajen kasuwa, muka wuni kwance a zaure, ni ina lissafin sahun da na rasa. Caɓin gayyar farko ma bai tafi a banza ba, da shi na ɗaura bulon, abin da ya sa Baba Sale ya riƙa gaya wa kowa cewa dama ya san zai yi amfani. Katanga ta tashi, ɗaki ya tashi. Muka zaƙulo azara daga cikin kango, muka toshe ramukan tsohon kwano muka rufa. Ƙofar gidan tuni an sace ta, sai Baba Sale ya ɓalle ta sitonsa ya kawo, ya ce ba abin da take tsarewa a can.

Muna cikin kafa ƙofar nan da yamma iska ta taso, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Wannan karon hadarin bai watse ba. Yaya ta fito daga gidan Baba Sale da tukunya a ka da tabarma a hammata, yara na biye da ƙullin kaya, suna gudu. Suna shiga ruwa ya ɓalle. Gefen gabas ban samu na yi masa yaɓe ba, zana kawai muka jingina. Kowa ya fake, ni na tsaya a waje ruwa yana dukana, ina shafa katanga ina jiran in ji ta saki. Fatarta ta yi laushi, ta ɗan zubar da ƙasa, zaren buhu ya fito kamar gashin hannu. Amma ta tsaya.

Da hantsi kwamandan ya zo a bayan wata buɗaɗɗiyar mota da mutanensa. Ban taɓa ganinsa ba sai ranar. Ɗan siriri ne, ba zai girmi ɗana na fari da yawa ba. Ya zaga katangar, ya buga ta da gindin bindiga, ya sa wuƙa ya ƙwaƙulo zare ya shinshina, ya yamutsa fuska. Ya tura ƙofa ya ji ta a rufe. Yaya ta amsa daga ciki da Larabci, murya ba rawa. Ya ɗan tsaya, sannan ya ce wani abu, Baba Sale ya fassara mini: gida yana da mai shi, magana ta ƙare.

Ban gama sauke numfashi ba na ga ya tsaya a kan injina, yana ɗaga hannun injin yana saukewa. Ya sake magana. Baba Sale ya ƙi kallona.

“Ya ce shi ma ɗakinsa na yoyo. Ya ce aro.”

Na ce, “Baba, ka gaya masa da shi nake ciyar da iyalina.”

Baba Sale ya rage murya ya ce, “Ɗana, zan iya gaya masa. Amma ka duba inda yake kallo.”

Na duba. Ƙofar Yaya yake kallo. Na haɗiye abin da ke bakina, kuma ban taɓa haɗiyar abu mai ɗaci irinsa ba. Da hannuna na kama aka ɗora injin a mota. Na san aron garin nan, ban tsaya jiran ambakir ba.

Ranar da zan taho, jakata ce kawai a kafaɗa, ko tampol ban tsira da shi ba. Na shiga na yi wa Yaya sallama. Ta ƙulla mini busasshen nama a leda, ta yi ta sa mini albarka har na ce ya isa. Ta biyo ni zuwa bakin ƙofa, ta sa ƙafa ɗaya a waje, sai ta tsaya. A gidanmu ba a taɓa sallamar baƙo daga bakin ƙofa ba, balle ɗan’uwa, kuma na ga abin yana cin ta.

Ta ce, “Auta, ka yafe mini. Ba zan raka ka bakin kogi ba. Ba na barin gidan nan ko na ɗan lokaci.”

Na ce, “Wa ya ce ki raka ni? Koma ciki, Yaya. Rufe.”

Na juya na kama hanya. Ban yi nisa ba na ji ƙofar ta rufu a bayana, na ji ta zura sakata. Na tsaya a tsakiyar layi, cikin taɓo, da jaka a kafaɗa, har na tabbata ta shiga duka, sannan na wuce.